Lami Ce Ko Jummai?

Ni ne mai rajista a ɗakin shan maganin Kafin Baushe,
can bayan Gagarawa, inda kwalta ta gaji ta tsaya.
Kwamfutar hannu gare ni mai tsagaggen gilashi,
rana ke ba ta caji, bakin rigata ke share mata ƙasa.

Daren da aka gama kakkaɓar riɗi,
sha biyu ta gota da minti ashirin,
kuka ya tashi a bayan labule.
Sa'ade nas ta leƙo, gumi har haɓa:
"Mace ce, Malam Hudu, rubuta."
Na dubi agogon bango, na rubuta.
Juma'a ta sako ƙafa ɗaya cikin gari ke nan.

Da hantsi Dutse suka bugo:
"Haihuwa nawa kuka karɓa yau Juma'a?"
Na tambayi na'ura, ta ce ko ɗaya.
Ko ɗaya?
Ga jaririya tana tsotso a gabana,
ga kunun kanwa yana huci a kwano!
Na koma Alhamis ina laluba,
sai ga ta kwance can, sha ɗaya da ashirin na dare,
kamar wadda ta riga haihuwarta zuwa duniya.

Na kira Injiniya Mamuda ina haki.
Ya yi dariya har layi ya tsinke, ya sake kira:
"Rumbun nan ba da tiyarku yake awo ba.
Mudu ɗaya gare shi, na duniya duka,
agogon da namu ya tsere wa da awa guda.
Kowa ya kawo lokacinsa, a juye a mudun nan, sannan a zuba.
Ka ce masa Juma'a, ba ka ce Juma'ar ina ba,
shi kuwa ya ba ka tasa."

Ashe lokaci ma sai da asali.
Baƙo ya yi sallama ya ce shi ne Audu,
ai sai ka ce Audun wa, daga wane gari?

Ana haka Ɗan'azumi ya bugo daga Jidda,
uban yarinya, mai tuƙa tankar ruwa.
Ya rantse biyu da ashirin albishir ya same shi,
yana kwance a ƙarƙashin mota.
Ban musa ba. Na ƙirga a yatsu:
shi ma gaskiyarsa, bangona gaskiyarsa,
rumbu ma bai yi ƙarya ba.
Kuka ɗaya ne, kunnuwa suka yi yawa.

Iya Tabawa, kakar jaririya, tana ɓare gyaɗa a bakin ƙofa,
ba ta ko ɗago kai ba:
"Ku da agogunanku.
Tun da ladan ya kira magariba daren Juma'a ya shiga.
Wa zai ce mini Lami? Jummai ce."

Yanzu duk lokacin da zan zuba a rumbu
sai na yi masa tsaga a kumatu, ƙari ɗaya,
don a san ɗan ƙasar nan ne duk inda ya kwana.
In zan nemi Juma'armu kuwa,
daga sha ɗayan daren Alhamis na rumbu nake buɗe ƙofa,
in rufe a sha ɗayan dare na gaba.
Da na yi haka na tsinto wasu biyu,
har da ɗan Malam Gambo mai faci,
da aka haifa ɗaya ga wata
aka ƙirga shi cikin watan da ya mutu.

Ran suna an yanka rago, wanzami ya yi aski,
liman ya raɗa Ramlatu.
Babu mai kiranta haka.
Jiya aka kawo ta rigakafi, ta kama min alƙalami,
ta ƙi saki.